Yadda Ake Taimakon Waɗanda Suka Yi Hatsarin Mota Kafin Zuwan Motar Asibiti

A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2023, kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa duk shekara sanadiyyar hatsarin hanya, kuma shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. Ba duka ne ke cikawa nan take ba. Wani jini ne ke zuba har ya ƙare, wani harshensa ne ke faɗawa baya ya toshe masa numfashi, wani kuwa masu taimako ne ke fincike shi daga mota su ƙarasa masa karayar wuya. A waɗannan mintuna na farko babu likita a wurin. Wanda ke wurin shi ne direban da ke biye, ko mai babur, ko mai tafiya a ƙasa. Wannan bayani nasa ne, kuma bin matakan a jere shi ne rabin aikin.

Kayan da ya kamata su zauna a motarka

Alamar gargaɗi mai kusurwa uku, wadda direbobi ke kira si-koshin. Biyu sun fi ɗaya, domin hanya gaba da baya gare ta. Sai riga mai ƙyalli wadda fitilar mota ke haskawa, da tocila mai batir mai rai, da tukunyar kashe gobara irin mai hoda, wadda allurar ma'auninta ke kan kore. A cikin akwatin taimakon gaggawa a samu safar hannu ta roba aƙalla ƙafa huɗu, bandeji mai faɗi guda huɗu zuwa shida, ƙyallen rufe rauni mai kauri, filasta, almakashi mai ƙarfi da zai iya yanke bel ɗin kujera da wando mai kauri, da babban ƙyalle mai kusurwa uku na rataya hannu. Ƙara da bargo, ruwa mai tsabta kamar lita biyu, leda mai tsabta, da biro. A ajiye su inda hannu zai kai, kada a danne su ƙarƙashin kaya a but.

Idan babu waɗannan, aiki ba ya tsayawa. Leda tana maye gurbin safar hannu, riga ko ɗankwali mai tsabta yana maye gurbin bandeji, fitilar waya tana maye gurbin tocila.

1. Tsare kanka, ka tsare wurin

Mafarin kuskure shi ne taka birki a tsakiyar titi a fito da gudu. Wuce wurin kaɗan, ka sauka gefen hanya sosai, ka ja birkin hannu, ka kunna fitilun gefe huɗu masu ƙyaftawa. Ka bar wa motar asibiti wurin tsayawa. Sa rigar ƙyalli kafin ka buɗe ƙofa. Idan da yara a motarka, a fito da su ta gefen da ba na titi ba, su tsaya nesa da kwalta tare da babba.

Sai alamar gargaɗi. Mota mai gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowane daƙiƙa, kuma daga lokacin da direba ya hango abu zuwa lokacin da motar za ta tsaya cak, sai ta ci mita 80 zuwa 100 a busasshiyar kwalta. A jiƙaƙƙiya ta fi haka. Saboda haka alamar da aka ajiye taku biyar bayan mota ba ta da wani amfani. A cikin gari a kai ta kamar taku 50, a babbar hanya taku 100 ko fiye. Idan hatsarin yana bayan kwana ko bayan tudu, alamar ta zauna kafin kwanar ko kafin tudun, inda mai zuwa zai gan ta tun bai ga motocin ba. In babu alama, tsayar da mutum biyu a gefen hanya, ɗaya ta kowace fuska, suna kaɗa ƙyalle mai haske ko tocila. Kada a jera manyan duwatsu a kan kwalta. Da dare su kansu sanadin wani hatsarin ne, kuma yawanci ana watsewa a bar su a wurin.

2. Duba abin da zai iya kashe ku gaba ɗaya

Kafin ka taɓa kowa, tsaya ka duba, ka shaƙi iskar wurin. Warin fetur ko gas yana nufin babu sigari, babu ashana, babu tayar da inji kusa. Kashe injin motar da ta yi hatsari, ka zare makulli, ka ja birkin hannu, ka sa dutse ko katako a bayan taya idan wurin gangare ne.

Idan tankar mai ce ta faɗi tana tsiyaya, aikinka shi ne korar mutane nesa, ta ɓangaren da iska ke fitowa. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa yana kwanciya a kwalbati da rami, kuma tartsatsi ɗaya daga salansar babur ko ƙarfen bokiti ya isa ya tayar da wutar da za ta bi tururin har tanka. Kwasar man da ya zube ta sha cinye rayuka fiye da na hatsarin kansa. Wannan ba wurin lallashi ba ne, ɗaga murya.

Idan wayar lantarki ta faɗo kan mota, kada ka taɓa motar, kada ka kusance ta da ƙasa da mita 10, ka kuma ce wa na ciki su zauna har a yanke wutar. A motoci masu aiki da batir, manyan wayoyi masu ruwan lemo suna ɗauke da wuta mai kisa, a bar su. Haka nan jakar iskar sitiyari da ba ta fashe ba tana iya fashewa daga baya, don haka kada ka sa kanka tsakanin sitiyari da ƙirjin direba.

Ƙaramar wuta a inji ana kashe ta ta ɗan buɗe bonet kaɗan a fesa hoda ta tsagar. In ka wangale shi, iska ka ba wutar. Ruwa ba ya kashe wutar fetur, yaɗa ta yake yi.

3. Kira taimako, ka raba aiki

Lambar 112 tana aiki a wayar hannu a ƙasashe da yawa, amma ka san lambar gaggawa ta ƙasar da kake ciki, ka adana ta tun yau. Faɗi sunan hanya, garin da ka baro da wanda ke gaba, da wata alama kamar gada ko gidan mai. Faɗi yawan motoci, yawan waɗanda suka ji rauni, ko akwai wanda ya maƙale, ko akwai wuta ko mai na zuba. Kada ka kashe waya sai mai amsawa ya sallame ka.

A cikin taro kowa yana zaton wani ya riga ya kira. Nuna mutum da yatsa ka ce, “Kai mai farar riga, kira motar asibiti, ka dawo ka gaya mini abin da suka ce.” Wani ya tare motoci, wani ya riƙe tocila, wani ya tattara wayoyi da jakunkunan mutane wuri ɗaya ya tsare su har zuwan jami'ai. Masu ɗaukar hoto a matsar da su baya. Mutumin da ke kwance cikin jini yana da mutunci, kuma bai kamata iyalinsa su fara ganin labarin a waya ba.

4. Ƙirga mutane, ka san wanda za ka fara da shi

Zagaya wurin da sauri. Duba cikin mota, ƙarƙashinta, cikin ciyawa da kwalbati, domin wanda bai ɗaura bel ba mota tana iya cilla shi nesa, ƙananan yara kuma suna shigewa ƙarƙashin kujera. Tambayi wanda ke cikin hayyacinsa, “Ku nawa ne a motar?”

Zuciya tana janyo mutum wurin mai ihu. Amma mai ihu yana numfashi, kuma jini yana kai wa ƙwaƙwalwarsa. Wanda ya yi shiru shi ne abin tsoro. Jerin shi ne: mai zubar da jini kamar famfo, sai wanda ba ya motsi ba ya magana, sannan sauran. Waɗanda ke iya tafiya a zaunar da su wuri ɗaya nesa da titi, a sa wani ya lura da su, domin mai ruɗewa yakan miƙe ya faɗa gaban mota.

5. Tsayar da jini

Jinin babban mutum kusan lita biyar ne, kuma idan babbar jijiyar cinya ko ta hannu ta yanke, mintuna kaɗan sun isa ya mutu. Sa safar hannu. Yanke tufa ka ga ainihin inda jinin ke fitowa. Dunƙule ƙyalle ka ɗora a kan raunin, ka danna da ƙarfi da tafin hannu biyu, ka sa nauyin jikinka. Ka riƙe minti 10 ba tare da ɗagawa ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaga ƙyallen kowane minti a leƙa, wanda ke ɓalle gudan jinin da ya fara daskarewa. Idan jini ya ratso, ƙara wani ƙyallen, ka gyara wurin dannawa, ka ƙara ƙarfi. Rami mai zurfi a matsematsi ko hammata, inda ba a iya ɗaurewa, sai a cusa ƙyalle mai tsabta har ya cika ramin, sannan a danna a kai.

Idan gilashi ko ƙarfe ya soke jiki ya tsaya, kada ka zare shi. Shi ne ya toshe ramin da ya yi. Jera ƙyalle ta gefe da gefe, ka danna a gefen, ka naɗe yadda ba zai motsa ba.

Idan hannu ko ƙafa ne, kuma dannawa ta gaza, ko gaɓar ta guntule, sai ɗauri. Samo ƙyalle mai ƙarfi, faɗinsa kamar yatsu uku. Zagaya gaɓar sau biyu, santimita 5 zuwa 7 sama da raunin, ta ɓangaren jiki, kuma ba a kan gwiwa ba. Ƙulla sau ɗaya, ɗora sifana ko sanda mai ƙarfi a kan ƙullin, ƙara ƙullawa, sannan ka murɗa har jinin ya tsaya. Zai yi zafi ƙwarai, mutumin zai roƙe ka ka sassauta. Kada ka sassauta, kada ka kwance, likita ne kaɗai zai kwance shi. Ɗaure sandar don kada ta warware, ka rubuta lokacin a fatar mutumin inda za a gani. Waya, igiya siririya da igiyar takalmi suna yanka nama ba su tsayar da jini ba. Ɗaurin da bai matsu sosai ba kuwa ƙara zubar jini yake yi, domin yana tare jinin da ke komawa ya bar mai zuwa.

Gaɓar da ta guntule a naɗe ta da ƙyalle mai ɗan danshi, a sa a leda a ɗaure, sannan a sa ledar cikin ruwa mai ƙanƙara, ta bi mai ita asibiti. Kada ta taɓa ƙanƙara kai tsaye. Kuma kada a zuba ƙasa, toka, fetur ko man birki a kan rauni.

6. Buɗe hanyar numfashi

Durƙusa kusa da kan mutumin, ka taɓa kafaɗarsa ka yi masa magana da ƙarfi. Kada ka jijjiga shi. Idan bai amsa ba, duba bakinsa, ka cire abin da kake gani a fili kamar karyayyen haƙori. Kada ka zura yatsa kana lalube. Mutumin da ya suma yana kwance rigingine, harshensa yana saki ya rufe maƙogwaro, kuma ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 babu iska.

Saboda ana tsoron karayar wuya, fara da tura muƙamuƙi: ka zauna ta saman kansa, tafukanka a gefen fuskarsa, yatsunka a bayan kusurwar muƙamuƙi ƙarƙashin kunne, ka tura muƙamuƙin sama ba tare da ka motsa kan ba. In hakan bai buɗe hanya ba, ɗora hannu a goshi, ka ɗaga haɓa a hankali. Numfashi yana gaba da wuya. Idan direba ne ya kife kan sitiyari, tallabo kansa da hannu biyu, ka miƙar da shi a hankali ya daidaita da jikinsa, ka riƙe.

Sai ka kai kuncinka kusa da bakinsa, idonka a kan ƙirjinsa, na daƙiƙa 10. Shessheƙa jefi-jefi, mai kama da minshari ko haƙin fitar rai, ba numfashi ba ce.

Idan ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine a kan ƙasa mai tauri. Ɗora gindin tafin hannu a tsakiyar ƙirji, ɗaya hannun a kai, gwiwar hannu a miƙe. Danna ƙasa santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, kana barin ƙirjin ya taso bayan kowace dannawa. Wanda ya koya zai busa iska sau biyu bayan kowace dannawa 30. Wanda bai koya ba ya ci gaba da dannawa kawai. Ku riƙa canji duk minti biyu, domin hannu yana gajiya tun mai shi bai sani ba. Ga yaro hannu ɗaya ya isa, ga jariri manyan yatsun hannu biyu, a danna kamar sulusin kaurin ƙirjin. In haƙarƙari ya yi ƙara, kada ka tsaya.

Idan yana numfashi amma a sume, ka riƙe muƙamuƙin kana lura. In ya fara amai, ko jini na taruwa a bakinsa, ko dole ka bar shi ka je wurin wani, a juya shi kan gefensa, kai da wuya da baya su juya tare kamar gungume, bakinsa ya kalli ƙasa. Mai ciki a juya ta gefen hagu.

7. Wuya, ƙashin baya da hular kwano

A nan ne masu kyakkyawar niyya suka fi yin ɓarna. Laka tana bi ta cikin ƙashin baya. Ƙashi yana iya karyewa lakar tana lafiya, sai a zo a kama mutum hannu da ƙafa, kansa na reto, karyayyen ƙashin ya yanke ta. Wanda da zai warke ya tashi, sai ya shanye har abada. Ka ɗauka cewa akwai karayar wuya ga duk wanda ya suma, ko mota ta cilla, ko ya faɗo daga babur, ko yake kukan wuya da baya, ko yake jin gaɓoɓinsa sun mutu. Wanda ke cikin mota a bar shi a kujerarsa, wani ya shiga baya ya riƙe masa kai da hannu biyu, yana yi masa magana.

Dalili uku ne ke sa a fitar da mutum kafin zuwan ma'aikata: wuta, ruwa ko wani hatsarin da ke tunkaro shi, rashin numfashi, ko jinin da ba a iya kai hannu gare shi a inda yake. In kai kaɗai ne, shiga ta bayansa, zura hannuwanka ƙarƙashin hammatarsa, ka kama damtsensa ɗaya, ka jingina kansa a ƙirjinka, ka ja shi da baya a miƙe. Fara duba ko ƙafarsa ta maƙale a feda, ka yanke bel.

Mai babur a bar masa hular kwanonsa, a ɗaga gilashin gaba kawai. Ana cire ta ne idan ba ya numfashi ko yana amai a ciki, kuma aikin mutum biyu ne: ɗaya ya riƙe muƙamuƙi da ƙeya ta ƙasa, ɗaya ya buɗa gefen hular ya zare ta sannu a hankali.

8. Karaya, ƙuna da sauran raunuka

Karaya ba a miƙe ta, ba a yi mata ɗori a bakin titi. A tallafe ta yadda aka same ta, da katako ko kwali mai kauri da aka naɗe da ƙyalle, a ɗaure sama da ƙasan karayar. Ƙashin da ya fito waje a rufe shi, kada a mayar. Karayar cinya ko ƙugu tana zubar da jini mai yawa a ciki ba a gani, don haka mai ita yana cikin na gaba-gaba wajen tafiya asibiti.

Ƙuna a zuba mata ruwa mai sanyi na minti 20, a cire zobe da agogo kafin kumburi, a bar tufar da ta manne. Babu man shafawa, babu man goge baki. Hanjin da ya fito a rufe da ƙyalle mai danshi, kada a tura shi ciki. Ramin ƙirji da ke tsotsar iska kada a toshe shi ruf. Jini ko ruwa daga kunne a bar shi ya fito.

9. Kada a ba shi ruwa

Wanda jini ya zuba masa yakan ji ƙishirwa mai tsanani, jikinsa ya yi sanyi, gumi ya keto, leɓɓansa da tafukansa su yi fari, numfashi ya yi sauri. Tausayi zai ce a ba shi ruwa. Kada a ba shi. Yana iya shaƙewa ya shiga huhu, kuma idan za a yi masa tiyata, abin da ke cikinsa yana iya dawowa lokacin da aka sa shi barci. A jiƙa masa leɓe kawai. Kada a kwara wa wanda ya suma ruwa, kada a yi ta yi masa fifita har ya yi sanyi, domin jinin da ya yi sanyi ba ya daskarewa da kyau. A shimfiɗa wani abu a ƙarƙashinsa, a rufe shi da bargo ko da rana ake. Kada a ba shi asfirin, yana ƙara zubar jini. Ka tambayi sunansa, ka riƙa kiransa da shi, ka gaya masa taimako na hanya.

10. Idan motar asibiti ba za ta zo ba

Nemi motar da mutum zai kwanta a miƙe, kamar a-kori-kura ko bas da aka kwantar da kujerunta. Samo faffaɗan katako ko ƙofa. Mutum huɗu: ɗaya a kai, shi ne mai ba da umarni, uku a kafaɗa, ƙugu da ƙafafu. A juya shi kan gefe gaba ɗaya, a tura katakon, a mayar da shi a kai. A tare kan da naɗaɗɗen tufa ta gefe biyu, a ɗaure goshi, ƙirji, ƙugu da gwiwoyi. Kada a naɗe shi a kujerar baya, kada a ɗora wanda ya suma a babur. Wani ya zauna kusa da kansa yana lura da numfashi, mai danna rauni kuma kada ya saki.

A nufi asibitin da ke da ɗakin tiyata da jini, ko da ya ɗan fi ƙaramin asibiti nisa, a kira su tun a hanya idan da hali. Direba ya tafi a natse, domin birki da ramuka suna motsa karaya.

11. Miƙa shi da bayani

Gaya wa ma'aikatan lafiya lokacin da hatsarin ya faru, yadda aka sami mutumin, ko ya suma da tsawon sumar, yawan jinin da ka gani, da lokacin da aka yi ɗauri. Ba jami'an hanya lambobin motoci da abin da idonka ya gani, ban da zato. Wanke hannu da sabulu, kuma idan jinin wani ya shiga idonka ko ya taɓa rauni a jikinka, faɗa wa likita a ranar.

Waɗanda suka fito suna cewa lafiyarsu ƙalau su ma a duba su, domin firgici yana ɓoye ciwo. A kwana biyun farko, a koma asibiti da gaggawa idan aka ga amai, ciwon kai mai ƙaruwa, barcin da ba a iya tashin mutum daga shi, ruɗewa, jijjiga, raunin gefe ɗaya na jiki, ciwon ciki, ko ciwon kafaɗar hagu, wanda yakan zama alamar saifa ta fashe tana zubar da jini a ciki. Daren farko kada a bar wanda ya bugu a kai ya kwana shi kaɗai.